Yadda Ake Buga Gem a Linux, da Abin da Lasisi Ya Halatta Maka Ka Kwafa ko Ka Sayar

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, tambayoyi biyu ne suka fi zuwa mini daga matasanmu na nan Jos game da Linux, wato tsarin tafiyar da kwamfuta da ake iya sawa a madadin Windows. Ta farko daga ɗalibai ce: "Malam, laftof ɗina ta ƙi karɓar Windows 11, in na koma Linux wasannina za su tashi?" Ta biyu daga masu gidan gem da masu gyaran kwamfuta: "Tunda an ce Linux kyauta ce, zan iya loda ta da wasanni in riƙa sayarwa?" Duka biyun amsarsu e ce, amma da sharaɗi, kuma wanda ya tsallake sharaɗin shi ne ke asarar data, wani lokacin har da fayilolinsa. Don haka a bi matakan yadda na jero su.

Abin da za ka tanada: filas mai gigabait 8 wanda babu komai mai muhimmanci a ciki, wata ma'ajiya ta daban da za ka kwashe kayanka, data kamar gigabait 6 don somawa, da tabbacin wuta na awa biyu. Ita kanta Linux ko sisi ba za ka biya ba. Kuɗinka a data zai tafi, sai kuma sayen wasannin da ake sayarwa.

1. Tantance wasanninka kafin ka taɓa komai

Ɗauki takarda ka rubuta wasanni biyar da ka fi bugawa. Shiga shafin ProtonDB ka nemi kowanne. Masu bugawa ne da kansu ke kai rahoto a can, ana kuma ba kowane wasa daraja: Platinum na nufin yana tashi ba tare da an taɓa komai ba, Gold sai an ɗan yi gyara, Silver da Bronze akwai tangarɗa, Borked kuwa ba ya tashi sam. Kada ka tsaya a kan darajar kawai, karanta rahotannin baya-bayan nan, musamman na masu katin hoto irin naka.

A nan gizo ke saƙa: wasannin da ake fafatawa ta intanet da yawa suna zuwa da manhajar hana maguɗi wadda ke shiga can cikin zuciyar Windows, kuma kamfanoninsu sun ƙi buɗe ta ga Linux. Valorant, League of Legends, Fortnite, PUBG da Rainbow Six Siege ba sa tashi. Apex Legends yana tashi a da, aka rufe ƙofar a ƙarshen 2024. GTA V labarinsa na mutum ɗaya yana tafiya, amma GTA Online ya daina tun Satumban 2024. Wanda ya fi shafarmu shi ne ƙwallo: daga FIFA 23 zuwa jerin EA Sports FC, babu wanda ke tashi. Haka nan BlueStacks da GameLoop, da ake buga Free Fire da Call of Duty Mobile da su a kwamfuta, ba a yi su don Linux ba.

Gargaɗi: in biyu ko uku daga cikin biyar ɗinka suna wannan rukunin, kada ka goge Windows. Ka ajiye Windows da Linux a kwamfuta ɗaya. Babu wata dabara da za ta tsallake manhajar hana maguɗi, kuma mai ƙoƙarin yin hakan yana iya jawo a rufe asusunsa.

2. San katin hoton da ke cikin na'urarka

A Windows buɗe Task Manager, shiga Performance, duba GPU. Abin da ke sa wasan Windows ya tashi a Linux shi ne Proton, wanda kamfanin Valve ya fitar a 2018. Yana fassara umarnin DirectX, yaren da wasannin Windows ke magana da katin hoto, zuwa Vulkan, makamancinsa da ke aiki a Linux, don haka katin da bai iya Vulkan sosai ba zai wahalar da kai. Katin AMD da na Intel direbansu, wato manhajar da ke tafiyar da katin, na cikin Linux tun asali. Na NVIDIA sai an saka daban. Intel daga ƙarni na 6 zuwa sama babu damuwa. Na ƙarni na 3 da na 4, waɗanda suka cika shagunan gwanjo, Vulkan ɗinsu bai cika ba, sai dai tsofaffin wasanni da ƙanana.

RAM ya kai gigabait 8. In da hali ka sauya tsohuwar ma'ajiya mai juyawa da SSD, don wannan sauyin ya fi kowanne tasiri a tsohuwar laftof.

3. Kwashe kayanka, ka shirya Windows

Kwafe takardu, hotuna da ajiyar wasanninka zuwa wata ma'ajiya, ka buɗe biyu ko uku a can ka tabbatar sun kwafu. Sannan abu uku. Kashe Fast Startup a cikin Power Options, domin yana barin ma'ajiya a kulle ko da ka kashe kwamfuta. Duba ko BitLocker, makullin da Windows ke kulle ma'ajiya da shi, na kunne. In yana kunne, rubuta lambar cetonsa mai alƙaluma 48 a takarda, ko ka kashe shi gaba ɗaya. Laftof ɗin da suka fito daga ofisoshin Turai da yawa suna zuwa da shi a kunne mai su bai sani ba, sai ranar da shuɗin allo ya nemi lambar. Na uku, buɗe Disk Management ka rage wa Windows fili, ka bar aƙalla gigabait 100 babu komai.

4. Haɗa filas, ka gwada kafin ka girka

Linux iri-iri ce. Ga mai farawa ni Linux Mint nake ba da shawara, domin fasalinta ya yi kama da Windows, kuma jerin 22 zai ci gaba da samun gyara har 2029. Mai ƙaramin RAM ya ɗauki samfurin Xfce. Akwai Bazzite da Nobara da aka yi musamman don gem, amma sabuntawarsu na cin data, kuma in ka maƙale zai yi wuya ka sami wanda ya san su kusa da kai.

Sauke fayil ɗin girkawa, wanda ake kira ISO, kusan gigabait 3, daga shafin Linux Mint na asali. Rubuta shi a filas da Rufus ko balenaEtcher. Duk abin da ke cikin filas ɗin zai goge. Kashe kwamfuta, soka filas, kunna kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo ce, ka zaɓi filas. Mint za ta tashi ba tare da ta taɓa ma'ajiyarka ba. Gwada Wi-Fi, sauti, hasken allo, Bluetooth da fad ɗinka.

Wannan filas ɗin yana da wani amfani. In za ka sayi laftof ta hannu a shagunan titin Ahmadu Bello ko wajen Terminus, tafi da shi a aljihu. Mai shago zai ce maka, "Yallaɓai, wannan tana da katin gem, ga ma sitikarsa a jiki." Kada ku yi musu. Nemi izini ka tayar da ita daga filas, buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta umarni, rubuta inxi -G, sunan katin na gaskiya zai fito a layi ɗaya. Sa tafin hannunka a bakin fankar kuma ka ji ko iska na fita.

5. Girkawa

Danna Install Linux Mint. Sa alama a akwatin multimedia codecs. Idan an zo tambayar inda za a girka, karanta a natse. Mai son ajiye Windows ya zaɓi layin da ke ɗauke da kalmar alongside. Layin Erase disk yana share komai, babu kuma dawowa. Yankin lokaci ka zaɓi Lagos.

Gargaɗi: kada ka fara wannan matakin da batir mai mutuwa cikin minti ashirin kana dogaro da wutar JED, kamfanin rarraba wutar Jos. In wuta ta ɗauke ana tsakar raba ma'ajiya, kana iya rasa Windows da Linux a lokaci ɗaya. Ka cika caji, ko ka je inda janareta ke aiki.

In mai girkawar bai ga ma'ajiyarka ba, yawanci saitin Intel RST ne a BIOS, wato saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi, sai an mayar da shi AHCI. Amma sauya shi kai tsaye na hana Windows tashi, don haka a nan ka nemi wanda ya taɓa yi. Bayan an gama, za ka iya ganin agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya duk lokacin da ka fito daga Linux. Ba lalacewa ba ce. A Terminal rubuta timedatectl set-local-rtc 1, shi ke nan.

6. Sabuntawa da direba

Buɗe Update Manager ka saka duk abin da ya kawo. Buɗe Timeshift ka ɗauki hoton tsarin yadda yake, domin ranar da wani abu ya ɓaci ka koma baya cikin minti kaɗan. Mai NVIDIA ya buɗe Driver Manager ya zaɓi wanda aka rubuta wa recommended. Kada ka sauke direba daga shafin NVIDIA irin yadda aka saba a Windows; shi ne kan bar mutum da baƙin allo bayan sabuntawa.

In Secure Boot, tsaron da ke BIOS, na kunne, za a nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri, kuma da ka sake kunnawa wani shuɗin allo zai fito. Zaɓi Enroll MOK ka sa kalmar. Mutane da yawa kan firgita su tsallake shi, direban kuma ya ƙi aiki. Kashe Secure Boot ya fi sauƙi, sai dai Valorant a Windows 11 ba ya tashi in an kashe shi.

7. Steam da Proton

Saka Steam, manhajar Valve da ake saye da buga wasanni a ciki, daga Software Manager, ka shiga asusunka. A Settings, ƙarƙashin Compatibility, tabbatar Steam Play, wanda ke tayar da wasanni da Proton, na aiki ga dukkan wasanni. Fara da ƙaramin wasa, kada ka fara da mai gigabait 80. Karon farko Steam za ta sauke Proton da kayan aikinsa, fiye da gigabait 1. Za ka kuma ga wani akwati yana cewa Processing Vulkan shaders, fanka na kuka, lambar tana tafiya a hankali. Ƙyale shi ya gama, shi ne ke rage sarƙewar hoto a cikin wasa.

In wasa ya ƙi tashi, bi wannan tsarin, kana sauya abu ɗaya a lokaci guda. Danna dama a kan wasan, Properties, Compatibility, ka tilasta masa Proton Experimental. In bai yi ba, gwada tsohon samfurin da rahotannin ProtonDB suka ambata. In bidiyon cikin wasa ne ke fitowa baƙi ko da zane-zanen launi, saka ProtonUp-Qt ka sauke GE-Proton da shi. Mai tsohon katin da bai iya Vulkan ba ya rubuta PROTON_USE_WINED3D=1 %command% a Launch Options; gudun zai ragu, amma wasa na iya tashi.

Gargaɗi: kada ka nuna wa Steam ta Linux foldar wasannin da ke ɓangaren Windows don gudun sake saukewa. Tsarin ma'ajiyar Windows, wato NTFS, da Proton ba sa jituwa, wasa zai ƙi buɗewa ba tare da ya faɗi dalili ba. Kwafo foldar zuwa ɓangaren Linux.

Fad ɗin PlayStation 4 da 5 da na Xbox mai waya suna aiki da zarar an soka.

8. Tsimin data, biyan kuɗi da ƙura

In abokinka na da wasan da kai ma ka mallaka a asusunka, kwafo foldarsa zuwa steamapps/common, ka danna Install. Steam za ta gano fayilolin ta sauke ɗan abin da ya rage. Wannan halas ne, domin wasan naka ne, fayil kawai ka aro. A saitin kowane wasa ka zaɓi kada ya sabunta sai za ka buɗe shi. Shader Pre-caching da ke ƙarƙashin Downloads yana jan data a ɓoye, mai ƙarancin data na iya kashe shi. In ka gama saukewa, Go Offline.

Steam ba ta sa farashi da naira, da dala ake saye, don haka tambayi bankinka ko katinka na wucewa a waje da iyakar da aka sa masa. Abin da ya kamata kowa ya sani: in wasa ya ƙi tashi, ana mayar da kuɗi muddin ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka buga awa 2 ba. To lokacin da kake ta gwaje-gwajen Proton yana iya shiga lissafin awa biyun, sai ka sa ido a agogo.

Sanyin Jos na taimakon kwamfuta, amma ƙurar hunturu na rama wa zafi. Buɗe bayan laftof da ta shekara biyu ba a share ba, za ka tarar da ƙura ta dunƙule a bakin fanka ta toshe hanyar iska ɗungurungum. Wasa ya fara lafiya, bayan minti goma ya soma ja, sai a ce laifin Linux ne. A share, a sauya man da ke kan furosesa.

9. Wasannin da ba na Steam ba

Heroic Games Launcher na buɗe wasannin shagunan Epic da GOG, kuma Epic na raba wasa kyauta kowane mako. Lutris na kula da sauran. PPSSPP na buga na PSP, PCSX2 na PlayStation 2, Dolphin na GameCube da Wii.

Wasannin sata da ake loda wa mutane a filas kuwa, ban da haramcinsu, akwai haɗari. Ana yawan cewa ƙwayar cutar Windows ba ta kama Linux. Wine, wanda Proton ya ginu a kansa, ba katanga ba ne: manhajar da ka buɗe da shi tana ganin fayilolinka, tana iya kwashe su ko ta kulle su.

10. Karanta lasisi kafin ka kwafa ko ka sayar

Wannan shi ne ɓangaren da na fi so a fahimta, domin kalmar kyauta ta rikita mutane. Abubuwa uku ne a kwamfutarka yanzu, kowanne da hukuncinsa.

Na farko, manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda rubutun da aka gina su da shi a buɗe yake ga kowa. Zuciyar Linux tana ƙarƙashin lasisin GPL samfuri na 2, Lutris da Heroic na ƙarƙashin samfuri na 3 da ya fito a 2007, Wine kuma LGPL. GPL ta ba ka damar amfani, kwafa, gyarawa, har da sayarwa. Mai shago ya loda Mint a filas ya karɓi kuɗi, ko ya girka wa mutum ya caji ladan aikinsa, bai saɓa komai ba. Sharaɗin shi ne duk wanda ka ba manhajar ka ba shi 'yancin da aka ba ka: kada ka cire takardar lasisin, kada ka hana shi kwafa wa wani, kuma ka sama masa hanyar samun rubutun tushen. In ka gyara manhajar ka raba, gyaran naka ma sai ka buɗe shi a kan wannan lasisin. In kuwa don kanka ka gyara ba ka ba kowa ba, babu wanda ke binka komai. Lasisin MIT, BSD da zlib sun fi sassauci: kana iya sa su cikin abin da za ka rufe ka sayar, muddin ka bar sanarwar masu haƙƙin yadda take. DXVK, mai fassara DirectX a cikin Proton, zlib ne.

Na biyu, manhajojin da ba a biya amma a rufe suke. Steam kanta haka take. Counter-Strike 2 da Dota 2 ana buga su ba ko kwabo, suna kuma tashi a Linux kai tsaye, amma mallakar Valve ne. Rashin farashi bai ba ka izinin gyarawa ko sayarwa ba.

Na uku, wasannin da ka saya. Izinin bugawa ka saya, don amfanin kanka. Ko na GOG da ba su da makulli, kana iya ajiye kwafi don kanka amma ba don rabawa ba. Tashin wasa a kan Linux bai sauya lasisinsa ba ko kaɗan.

Inda aka fi zamewa shi ne wasan da injinsa a buɗe yake amma kayan cikinsa a rufe. Kamfanin id Software ya saki rubutun tushen Doom a 1997, ya mayar da shi GPL a 1999, amma taswirori, hotuna da sautin wasan har yau na sayarwa ne. Injin OpenMW ma haka, sai ka mallaki wasan Morrowind. Kamar a ba ka injin niƙa ne kyauta, hatsin kuwa kai za ka zo da naka. Wannan hukuncin ya hau kan PPSSPP da PCSX2: su halas ne, amma wasannin, da fayil ɗin BIOS na PlayStation 2 da PCSX2 ke buƙata, daga naka faifan da taka na'urar ya kamata su fito. Buɗaɗɗen lasisi kuma ba ya kare mutum daga ƙarar mai haƙƙi. Yuzu, mai kwaikwayon Nintendo Switch, GPL ne, amma a Maris 2024 masu shi suka amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 suka rufe. A gida ma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta haɗa da manhajar kwamfuta, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke kula da ita.

Yadda ake dubawa ba wuya: nemi fayil mai suna LICENSE ko COPYING a cikin foldar. In ka ga rubutun manhaja a GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye rubutunsu, babu irin wannan fayil, ba na kowa ba ne, haƙƙin duka na hannun mai shi. Ka duba samfurin da ke hannunka kuma, don lasisi na sauyawa. DuckStation, mai kwaikwayon PlayStation na farko, ya bar GPL a 2024 ya koma wanda ya hana kasuwanci da shi.

11. Ga mai gidan gem

Asusun Steam na mutum ɗaya ba a yarda a riƙa karɓar kuɗin jama'a da shi ba. Valve na da tsari na daban mai suna Steam PC Café Program, ta nan ake samun lasisin kasuwanci. Kafin ka kai can, akwai wasannin da za ka sa a kwamfuta goma yau, ka karɓi kuɗin zama, babu mai tuhumarka: SuperTuxKart na tseren mota, wanda yara da yawa ke bugawa a allo ɗaya, Xonotic na harbi, 0 A.D. da Battle for Wesnoth na dabarun yaƙi; Luanti, wanda a da ake kira Minetest, na gine-gine. Duka ana haɗa su tsakanin kwamfutocin shago ba tare da intanet ba, kuma yawancinsu na tafiya a tsofaffin na'urori. Ba za su maye gurbin ƙwallo ba, wannan a bar wa PlayStation, amma ga yaran da ke shigowa bayan Islamiyya sun wadatar.

12. Ga mai son ƙirƙirar nasa wasan

Godot, injin ƙirƙirar wasa, lasisin MIT gare shi: wasan da ka yi da shi naka ne, ka sayar yadda ka so, ka dai sa sanarwar lasisin Godot a ciki. Blender, manhajar zanen 3D, GPL ne, amma abin da ka zana da shi ba ya zama GPL. Hattara da hotuna da kiɗan da kake ɗebowa, duba irin lasisin Creative Commons (CC) da ke kansu. CC0 babu sharaɗi. CC BY sai ka ambaci mai shi. CC BY-SA sai ka ambace shi, kuma in ka gyara abin ka sake shi a kan wannan lasisin. Duk inda ka ga NC, ba ya shiga wasan da za a sayar. Buɗe fayil ɗaya tun ranar farko, duk abin da ka ɗauko ka rubuta sunansa, mai shi, inda ka samo shi da lasisinsa, ka tura fayil ɗin tare da wasan ranar da za ka sake shi.